Minti Biyu Idan An Ɗauke Wuta

Kun yi ta tambayata a ƙarƙashin rubutuna, wai wace irin budurwa ce mai shekara ashirin da shida, da takardar digiri a durowa, za ta yi wata takwas ba ta wuce bakin get ba. Wata ma cewa ta yi in faɗi gaskiya, ko wani ciwo nake ɓoyewa. Lafiyata ƙalau, 'yar uwa. Kifi nake gadi. Ku gyara zama, yau zan faɗa muku abin da ko aminiyata ban faɗa wa ba, don idan ban fitar da shi ba ƙirjina zai fashe.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni ce ƙaramar gidanmu, kowa Auta yake kirana. Mu biyu Mama ta haifa, ni da Yaya, shi kuma ya yi aure yana can da iyalinsa. Abba ya rasu shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan. Ya bar mana gida, ya bar littattafai, ya bar wani dogon tankin gilashi a falo cike da ruwan gishiri, da dawakin teku guda uku a ciki.

In ba ku taɓa ganin dokin teku ba, wani ɗan kifi ne da bai yarda shi kifi ba ne. Kansa irin na doki, a tsaye yake iyo, kuma jelarsa yake naɗewa a jikin reshe ya wuni yana kallon mutane. Ba su da tumbin ajiye abinci, don haka sau uku a rana nake ciro ƙananan jatan lande daga firiza, in narka, in zuba musu a ɗan kwanonsu. Babbar cikinsu Abba ya sa mata suna Gwaggo, wai saboda yadda take kallon baƙo sama da ƙasa kamar ta zo duba tarbiyyar gida. Duk safiya sai ya tsaya gaban gilashin da kofin shayinsa ya ce, "Gwaggo, an tashi lafiya?" Bayan rasuwarsa ni na gaji gaisuwar.

Abin da ban gada ba shi ne iyawar. Wata uku da rasuwarsa ruwan ya fara dishi-dishi, ƙaramin injin tace ruwan da ke rataye a bayan tankin ya fara kuka yana tsayawa. Na ɗauki hotuna na tafi shagon masu kifin ado, a can na haɗu da shi. Dogo ne, mai sanyin murya, ba ya ɗaga ido ya kalle ki kai tsaye sai ya tabbatar ba kya kallonsa. Mama ce ta fara ce masa Injiniya, sunan ya bi shi.

Shi ya ce a yi tankin ƙasa. Masu harkar suna ce masa samp. Wani ƙaramin tanki ne da ake ɓoyewa a cikin kabad ɗin da babban yake kai. Ruwa ya gangaro daga sama ta bututu, ya bi ta safar tacewa, ya wuce ta injin kumfa mai kwashe datti, ya ratsa duwatsu, sannan wani inji ya sake tura shi sama ta wani bututun daban. Kwana uku ya yi a durƙushe a falonmu yana yanka bututu yana shafa gam, Mama na aiko masa da shayi da biskit. Da ya gama, ruwan ya koma garai-garai kamar babu ruwa a ciki. Gwaggo ta canza launi ta yi rawaya. Na shiga ɗaki na yi kuka, don tun tafiyar Abba ban gan ta haka ba.

Wata biyu aka yi lafiya lau. An ɗauke wuta ya fi sau ashirin a tsakanin, ko ɗigo bai zuba ba. Ku riƙe wannan a ranku, ni ban riƙe ba.

Saƙonnin Injiniya ne suka fara yawa. "Barka da safiya, ranki ya daɗe. Ya Gwaggo?" Daga baya aka daina tambayar Gwaggo. "Kin ci abinci?" "Na ga rigar da kika sa jiya, shuɗi yana miki kyau." Ba ya min rashin kunya, ba zan masa ƙarya ba. Amma zuciyata ba ta taɓa motsawa ba. A lokacin ne kuma wani ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ya kira ni aiki, abin da na yi shekara huɗu ina karantawa. Na tsara komai: in ciyar da su da asuba, Mama ta zuba na rana, in dawo in ba su na yamma. Na rubuta masa cikin ladabi na ce na gode da komai, amma zan fara aiki ranar Litinin, ya rage saƙonnin nan don kada in ɓata masa lokaci.

Ya amsa da cewa, "Ba komai. Allah ya sa alheri. Bari in zo Asabar in duba miki injin kafin ki shiga hidima."

Ya zo, ya duba, ya tafi.

Ranar Talata, kwanana biyu a wurin aiki, ina sanye da farar rigar da na yi ta ɗaukar hoto da ita, wayata ta yi ƙara. Mama ce.

"Auta, ruwa! Ruwa yana fitowa ta ƙasan kabad, ya cinye kafet ɗin Abbanku, ban san inda zan taɓa ba!"

An ɗauke wuta ne da rana tsaka, ruwan tankin sama ya juyo da baya ta bututun da ke kai shi, ya cika tankin ƙasa ya malalo. Kafin in iso kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan yana ƙasa. Cikin gaggawa na haɗa sabon ruwan gishiri a bokiti, ban jira ya kwana ba, ban auna ɗuminsa ba, na juye musu. Da na kira Injiniya, ya iso cikin minti ashirin da tawul da bokitai, ya naɗe ƙafar wando ya yi ta tsane falo har Mama tana sa masa albarka da hawaye.

Bayan kwana biyu na tarar da Gwaggo kwance a kan yashi, jelarta a sake.

Jama'a, na san kifi ce. Kada wanda ya rubuto min cewa kifi ce. Ita ce abu na ƙarshe a gidan nan da Abba yake yi wa magana kullum, kuma da hannuna na zuba mata ruwan da ya kashe ta. Da na faɗa wa Injiniya haka ina kuka, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ƙaddara ce. Amma gaskiya da kina gida da abin bai kai haka ba."

Shi ya kawo maganin. Ya ce tankin Abba tsohon yayi ne, ba yadda za a yi a hana ruwan dawowa, sai dai a sa bawul, wato ɗan famfon rufe bututu. Ya sa wani jan bawul can cikin kabad, a lungu, sai an durƙusa an miƙa hannu har kafaɗa. Da an ɗauke wuta, minti biyu ne da mutum ya rufe shi. Da an dawo da ita, a buɗe. Mama gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa, ko sallah a kujera take yi. To wa ya rage?

Na rubuta takardar barin aiki da hannuna. Na ninke farar rigar na sa a ƙasan akwati.

Haka na zama mai gadin bawul. Wanka nake yi ƙofa a buɗe rabi, kunnena na kan ƙarar inji. Idan fanka ta fara rage gudu, ko cokali ne a bakina sai na yar na ruga. Bikin aminiyata a waya na kalla. Har takalmana sun yi ƙura a bayan ƙofa, Yaya yana tsokanata wai in ba matarsa aro kafin su manta hanya. Injiniya kuwa duk Asabar yana nan, ya duba inji, ya wanke safa, ya zauna shan shayi da Mama. Tun yana zama a bakin kujera har ya koma jingina, har ya san inda muke ajiye sukari.

Watan jiya Yaya ya zo ya zaunar da ni.

"Auta, ba wanda zai miki dole, kin sani. Amma mutumin nan wata nawa yana shiga gidan nan? Maƙwabta sun fara tambayata yaushe ne. In kina so ki ce, in ba kya so ki ce."

Mama ta karɓe daga bakinsa. "Me za ta ƙi a jikinsa? Yaro mai hankali, mai sana'a. Kuma wa zai ɗauke ki da kifayenki in ba shi ba? Wane namiji ne zai yarda matarsa ta bar shi da abinci a gaba ta ruga rufe famfo?"

Suka yi dariya. Ni ma na yi, don in ban yi ba kuka zan yi. Abin haushin shi ne gaskiya ta faɗa. Na duba hagu na duba dama, ban ga wata ƙofa ba sai shi. Na ce su ba ni lokaci. Aka ce mahaifiyarsa da kawunsa za su zo ranar Lahadi su gaisa da Mama, su ji ta bakina.

Ranar Juma'a Mama ta sa aka kawo sabon kafet ruwan toka, aka canza labule. Ni kuma na ce bari in wanke tankin sosai kada baƙi su ga gansakuka. Na hau kujera da tsohon buroshin haƙori ina goge bututun da ke dawo da ruwa, har bayansa, ɓangaren da ke kallon bango, inda ban taɓa kai hannu ba don Injiniya ya ce kada in taɓa. Buroshin ya maƙale a wani abu. Na shafa da yatsa, na ji ɗan tudu, kamar faɗin yatsa ɗaya ƙasa da saman ruwan. Na zura waya na ɗauki hoto. Wani ɗan guntun roba ne fari, a cushe cikin wani ƙaramin rami.

Akwai zauren masu kiwon kifin teku da nake ciki a waya, ban cika magana ba. Na tura hoton na ce, "Don Allah mene ne wannan?" Ba a yi minti biyar ba wata dattijuwa da kowa ke kira Malama, tsohuwar malamar makaranta da ta shekara ashirin tana kiwonsu, ta turo min saƙon murya ni kaɗai.

"'Yata, wannan ramin ai shi ne ran aikin gaba ɗaya. Idan wuta ta ɗauke, ruwa ya sauka kaɗan, ramin ya fito fili ya shaƙi iska, shi ke nan ruwan ya yanke da kansa. Ba a haɗa tankin ƙasa babu shi. Wa ya toshe miki?"

Na rubuta: "Ko gishiri ne ya taru, Malama?"

"Gishiri yana toshewa, gansakuka ma tana yi. Amma ni dai ban taɓa ganin gishirin da aka yanka da almakashi ba. Cire shi ki gwada, hannunki a kan bawul."

Na sa farce na zaro shi. Bai kai ƙwayar wake ba. Na durƙusa, na kama jan bawul ɗin, na kashe soket. Injin ya yi shiru. Na ji ruwa na gangarowa. Ɗaya, biyu, uku, ina ƙirgawa. Ban kai goma sha biyar ba na ji wani ɗan ƙara, ƙurrr, kamar yaro ya zuƙe ƙarshen lemo da tsinke. Ruwan ya tsaya. Tankin ƙasa ko kusa da baki bai kai ba.

Sau shida na gwada. Sau shida yana tsayawa.

Na zauna daɓas a kan sabon kafet ɗin Mama, ɗan robar a tafin hannuna. Na tuna Asabar ɗin da ya zo duba inji kafin in shiga hidima. Na tuna minti ashirin, da tawul da bokitai a shirye a mota. Na tuna "da kina gida." Wallahi ban yi kuka ba a lokacin. Sai ga saƙonsa ya shigo: "Saura kwana biyu, ranki ya daɗe. Umma ta ƙagu ta gan ki." Har da hoton fure.

Na so in faɗa wa Mama a take. Amma na san abin da za a ce. Za a ce datti ne, za a ce sharrin cikin waya ne, za a ce ina neman hanyar zillewa. Shi kuma zai sunkuyar da kai ya ce bai san da shi ba. Don haka na yi shiru na kwana biyu, ina murmushi ina goge kofuna.

Ranar Lahadi na sa doguwar riga ruwan ƙasa da Mama ta zaɓa, da gyale mai ɗan duwatsu a baki, da 'yan kunnen da Abba ya sayo min na gama makaranta. Kafin su iso na kulle kabad ɗin tanki, wanda dama yana da makulli saboda 'ya'yan Yaya, na jefa makullin a aljihun rigata tare da ɗan robar.

Ƙarfe huɗu suka zo. Mahaifiyarsa mace ce mai fara'a, ta riƙe hannuna tana cewa, "Kai, ashe bai faɗi rabin kyan ba." Har kunyarta na ji. Ta zaɓi kujerar da ke jikin tankin don ta kalli dawakin, ta cire takalmi ta ɗora ƙafa a kan kafet. Kawunsa ya zauna kusa da Yaya suna hirar hanya. Injiniya kuwa yana gefe cikin farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido, da sabon agogo, kai a ƙasa kamar ba ya iya kashe sauro.

Na ce bari in kawo shayi. Na bi ta baranda inda babban makunnin wutar gidan yake, na tsaya, na ce a raina, Abba ka yafe min in na kunyata gidanka. Na ja shi ƙasa.

Fanka ta fara rage gudu. Injin tanki ya yi shiru.

"Auta, wuta!" in ji Mama. "Bawul!"

Na dawo na tsaya a bakin ƙofar falo, ban ruga ba. Injiniya ne ya zabura. Ya durƙusa ya ja ƙofar kabad, ya ji ta gam.

"Makulli! Ina makullin?"

Na ce, "Na sa shi a wani wuri."

Ya kalli ƙafafun mahaifiyarsa a kan kafet, ya kalli kabad, ana jin ruwa na gangarowa a ciki. Sai ya miƙe, ya ture murfin tankin, ya zura hannu da riga da agogo da komai. Bai lalubi ko'ina ba. Kai tsaye yatsansa ya zagaya bayan bututun, ɓangaren bango, yana ƙwaƙula da farce.

Ƙurrr. Ruwan ya tsaya.

Ya daskare a wurin, hannunsa a cikin ruwa. A hankali ya juyo ya kalle ni, kuma a karo na farko tun da na san shi ido cikin ido ya kalle ni.

Yaya ya ce, "Injiniya, me kake nema a can? Ba a ƙasa bawul ɗin yake ba?"

Injiniya ya zaro hannunsa daga cikin tankin. Ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa zuwa kan kafet. Mahaifiyarsa ta yi dariya, ita ba ta san komai ba, ta ce, "Haka yake tun yana yaro, in ya ga inji sai ya manta da kayan jikinsa."

Mama ce ta miƙe da ƙyar, ta kama hannuna ta ja ni kicin ta tura ƙofa.

"Wace irin hauka ce wannan a gaban baƙi?"

Na ciro ɗan robar na ɗora mata a hannu. Na faɗa mata komai, daga ramin har Asabar ɗin, har Gwaggo, har farar rigata da ke ƙasan akwati. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Na jira ta yi salati, ta fita ta nuna musu ƙofa.

Ta daɗe tana juya shi a tafin hannu. Sannan ta ce, a hankali, "Bai kyauta ba. Amma Auta, namijin da zai yi duk wannan don kawai ya riƙa ganinki, ba kullum ake samun irinsa ba."

"Mama! Wata takwas fa. Aikina. Gwaggo."

"Na ji." Ta kawar da kai wajen taga, ta goge ido da bakin gyalenta. "Ni dai abin da na sani, tun da aka sa bawul ɗin nan ban sake wuni ni kaɗai a gidan nan ba. Kwana biyun da kika yi a wurin aikin, agogo kawai nake kallo, ni da kujerar Abbanku."

Na zo da fushina a shirye don mutum ɗaya, ban tanadi komai ba don wannan. Ina sonta, kuma a wannan minti na ji kamar bangon kicin ɗin ya matso ya taɓa kafaɗuna.

Ta mayar min da ɗan robar, ta naɗe yatsuna a kansa kamar tana ba ni ajiya.

"Ki jefar da shi. Ki wanke fuskarki, ki ɗauki tiren nan. Mutane suna jiran amsarki."

Ta fita tana dafa bango. Ta ƙofar da ta bari a buɗe ina hango tankin, wuta a kashe, ruwa a tsaye cak inda ya kamata ya tsaya, ba mai gadinsa. Dawakin biyu sun naɗe jela a reshe ɗaya, ko a jikinsu.

Na wanke fuskar, kamar yadda ta ce. Na jera kofuna biyar a kan tire, na zuba shayi. Sannan na ɗauko ƙaramin farantin da muke sa wa babban baƙo biskit, na goge shi tas, na ɗora ɗan robar a tsakiyarsa shi kaɗai. Na gyara gyalena, na ɗauki tiren, na nufi kujerar mahaifiyarsa.